Juyin Mahaifa da Yardar Mace: Tarihin Wata Tiyata daga Ƙasashen Turawa zuwa Ƙofar Ran

1.0 Gabatarwa

Ƙofar Ran ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Bauci, birnin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a wajen shekarar 1809. Kamar ƙofofin Wunti da Nassarawa da Jahun, ita ma ta ba unguwar da ke kewaye da ita sunanta. A wannan unguwa akwai asibitin haihuwa na matakin farko, inda matan cikin gari ke zuwa awon ciki da rigakafin yara da neman shawara kan tazarar haihuwa. A irin wannan wuri ba a yin babbar tiyata, tura mace ake yi zuwa asibitin da ya fi girma. Duk da haka, a bakin irin waɗannan asibitoci ne mata ke jin labarin wata da aka ce an juya mata mahaifa, wani lokaci da saninta, wani lokaci kuma a ce sai daga baya ta ji.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin wannan tiyata: inda ta samo asali, da yadda aka taɓa mayar da ita makamin tilasta wa marasa ƙarfi, da yadda ta iso Nijeriya ta Arewa. Haka kuma za a dubi illolinta kamar yadda bincike ya tabbatar, sannan a nuna cewa a ƙasar Hausa matsalar yarda bisa sani tana da alaƙa ta ƙut da ƙut da matsalar harshe.

2.0 Haihuwa da Tazararta a Al'adar Bahaushe

Ba likitan Bature ne ya koya wa Bahaushe tazarar haihuwa ba. A al'ada, mace kan tafi goyon ciki gidan iyayenta a haihuwar fari, ta yi wankan jego, ta sha kunun kanwa, ta kuma shayar da jaririnta har wajen shekara biyu kafin yaye. Macen da ta sami ciki alhali tana goyo akan ce ta yi kwanika ko rurrutsa, abin da ke jawo mata tsegumi, domin an yi imani cewa nononta zai cutar da yaron da ke bayanta. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya ƙunshi bayanin irin waɗannan al'adu na goyo da yaye.

Sai dai duk waɗannan dabaru na jinkirtawa ne. Yanke haihuwa ɗungurungum baƙon abu ne, domin 'ya'ya su ne darajar mace a gidan miji, musamman inda akwai kishiya, su ne kuma madogararta idan tsufa ya zo. Kalmar juya, idan suna ce, tana nufin mace ko dabbar da ba ta haihuwa, kuma ba macen da ke son a kira ta da ita. Wannan shi ne yanayin da tiyatar ta tarar a lokacin da ta iso.

3.0 Asalin Tiyatar

A jikin mace akwai bututu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda ƙwai ke bi daga ma'ajiyarsa zuwa mahaifa, kuma a cikinsu ne yake haɗuwa da maniyyi. Abin da likita ke yi shi ne ya ɗaure bututun ya yanke wani yanki nasa, ko ya ƙona shi, ko ya matse shi da wani ɗan maƙali, ko ma ya cire shi baki ɗaya. Mahaifar kanta tana nan a mazauninta, ba a juya ta, ba a kuma taɓa ma'ajiyar ƙwai.

Wani likitan Ingila, James Blundell, ya kawo shawarar yin haka tun a shekarun 1820, domin ceton matan da ƙugunsu ya yi ƙanƙanta har haihuwa ta zame musu hanyar mutuwa. A 1880 ne Samuel Lungren ya aiwatar da ita a garin Toledo na Amurka, a kan wata mata da ake ciro wa jariri ta hanyar tiyata karo na biyu. Dabarar Ralph Pomeroy, wadda aka wallafa a 1930 bayan rasuwarsa, ita ce ta fi yaɗuwa saboda sauƙinta. Daga nan za a fahimci cewa asalin tiyatar neman ceton rai ne. Abin da ya ɓata mata suna shi ne hannun da ta faɗa daga baya.

4.0 Zamanin Tilas da Haihuwar Ƙa'idar Yarda

A farkon ƙarni na 20 wata aƙida ta yaɗu a Turai da Amurka, mai cewa wai za a iya tace jinsin ɗan Adam ta hanyar hana naƙasassu da masu taɓin hankali da matalauta haihuwa. Jihar Indiyana ta Amurka ta kafa dokar farko a kan haka a 1907, kuma a 1927 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta halatta irin wannan doka a shari'ar wata budurwa mai suna Carrie Buck. Fiye da mutum 60,000 aka yi wa wannan aiki a Amurka ƙarƙashin waɗannan dokoki. A Jamus kuwa, dokar da gwamnatin Hitila ta kafa a 1933 ta rutsa da kimanin mutum 400,000. Shari'ar da aka yi wa likitocin Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu ita ta haifar da Ƙa'idojin Nuremberg na 1947, waɗanda sharaɗinsu na farko shi ne ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa ta ganin dama.

Amma rubuta ƙa'ida daban, aiki da ita daban. A 1973, a garin Montgomery na jihar Alabama, aka yi wa wasu 'yan mata baƙar fata biyu, 'yan gidan Relf, masu shekara 14 da 12, wannan tiyata. Mahaifiyarsu ba ta iya karatu ba. An miƙa mata takarda ta yi alama a kai, tana zaton izini take bayarwa a ci gaba da yi musu allurar hana ɗaukar ciki. Ƙarar da ta biyo baya ta taimaka wajen fito da dokokin 1978, waɗanda suka shar'anta cewa duk wadda za a yi wa tiyatar da kuɗin gwamnatin tarayya sai ta kai shekara 21, sai an yi mata bayani da harshen da take ji, kuma sai kwana 30 sun shuɗe tsakanin sa hannu da aikin.

A ƙasashe masu tasowa, tilas ɗin ya zo ne da sunan rage yawan jama'a. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, an yi wa kimanin mutum miliyan 8 aikin hana haihuwa a shekarar 1976 zuwa 1977, akasarinsu maza. A Peru, tsakanin 1996 da 2000, zamanin Alberto Fujimori, an ɗaure wa mata wajen 270,000 bututu, da yawansu matalautan ƙauye masu jin harshen Kecuwa, waɗanda ba su iya karanta takardun Sifaniyanci da aka ba su ba. A nahiyar Afirka, Kotun Ƙoli ta Namibiya ta yanke hukunci a Nuwamba 2014 a ƙarar wasu mata uku masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, cewa sa hannun da aka karɓa daga mace tana tsakiyar naƙuda bai isa ya zama yarda ba. Abu guda ya haɗa waɗannan labarai: kusan ko'ina akwai takarda mai ɗauke da sa hannu, abin da babu shi ne fahimta.

5.0 Isowarta Nijeriya ta Arewa

An kafa Majalisar Tsarin Iyali ta Nijeriya a Ikko a 1964, amma aikinta bai yi tasiri sosai a Arewa ba a shekarun farko. A nan tiyatar ta fi shigowa ta ƙofar ɗakin haihuwa. Binciken Farfesa Kelsey Harrison a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda ya ƙunshi haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aka kuma wallafa shi a 1985, ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin kowace 100 ta rasa ranta, kuma mafi yawansu matan da ba su yi awo ba ne, waɗanda aka kawo a makare bayan doguwar naƙuda a gida. Idan mahaifa ta fashe, likita kan ɗinke ta ya ɗaure bututun, ko ya cire ta gaba ɗaya, domin wani cikin na iya zama ajali. Haka ma macen da aka yi wa tiyatar haihuwa sau da yawa akan ba ta shawarar tsayawa. A irin wannan hali mace na cikin magagi, wanda ke tsaye a bakin ƙofa kuwa miji ne, ko ƙanin miji, ko suruka.

A shekarun 1980 aka fara yin tiyatar ga masu neman ta da kansu, ta hanyar ɗan ƙaramin yanka a ƙasan cibiya. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, maƙwabciyar Bauci, ya shahara da wannan aiki daga 1985, da tallafin wata ƙungiyar Amurka mai suna AVSC. Abin lura shi ne, wannan ƙungiya ta samo asali ne daga wata da aka kafa a jihar New Jersey a 1937 domin yaɗa waccan aƙida ta tace jinsi, kafin daga baya ta yar da ita ta koma kira ga zaɓin kai.

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, ta amince da Manufar Ƙasa kan Yawan Jama'a, wadda ta kwaɗaitar da cewa kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu. Manufar ba ta tilasta wa kowa ba, amma ta zo a mugun lokaci. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa magani ya yi tsada a asibitocin gwamnati, sai ga kayan hana ɗaukar ciki suna samuwa da araha. Elisha Renne, wadda ta yi bincike a Zariya ta wallafa a 1996, ta nuna yadda wannan ya sa jama'a zargi: me ya sa mai zazzaɓi zai sayi magani da kuɗinsa, mai son daina haihuwa kuwa a ba ta kusan kyauta?

A watan Disamba na wannan shekara ta 1988, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwaiti ta yanke matsaya uku: bai halatta hukuma ta kafa dokar ƙayyade yawan 'ya'ya ba, haramun ne kawar da ikon haihuwa na dindindin sai bisa larurar da shari'a ta yarda da ita, ya halatta ma'aurata su jinkirta haihuwa bisa shawara da yardar juna, matuƙar babu cutarwa. Wannan matsaya ta dace da bambancin da Bahaushe ya riga ya sani tsakanin jinkirtawa da yankewa.

6.0 Darasin Kano: 1996 da 2003

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. A Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, rabinsu aka ba su sabon maganin, rabi kuma wani da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka naƙasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki ta hannun ma'aikatan jinya masu jin Hausa, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. An sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ko da yake wannan al'amari bai shafi haihuwa ba, ya dasa wa talaka tunanin cewa ana iya yi wa jikinsa abin da ba a faɗa masa ba.

Da aka shiga 2003 sai tsoron nan biyu suka haɗu. Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Nijeriya, ƙarƙashin Dokta Ibrahim Datti Ahmad, ta yi zargin cewa an gurɓata maganin rigakafin shan inna da sinadarin hana haihuwa. Jihohi biyar, wato Kano da Zamfara da Kaduna da Neja da Bauci, suka dakatar da rigakafin na wani lokaci. Kano ce ta fi daɗewa, sai a ƙarshen Yuli 2004 Gwamna Ibrahim Shekarau ya sake buɗe shi da maganin da aka sayo daga Indunisiya. Ba a tabbatar da cewa maganin na hana haihuwa ba, amma kafin ƙura ta lafa cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, kuma sai a Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru su ne suka biya bashin amanar da aka ɓata tun da farko.

7.0 Illolin da ya Wajaba a Faɗa wa Mace

Yarda ba ta inganta sai an san abin da aka yarda da shi. Ɗaya daga cikin manyan binciken da aka yi a kan wannan tiyata shi ne wanda Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta gudanar a kan mata 10,685, sakamakonsa ya fito tsakanin 1996 da 2000. Daga gare shi da makamantansa an tabbatar da abubuwa kamar haka.

Na farko, akwai haɗarin da ke tattare da kowace tiyata: zubar jini, da ruɓewar rauni, da raunata hanji ko mafitsara, da matsalar maganin sa barci. Ba su cika aukuwa ba a hannun ƙwararre, amma gaggawa da ƙazanta na mayar da su kisa. A Nuwamba 2014, a gundumar Bilaspur ta Indiya, likita ɗaya ya yi wa mata 83 aiki cikin 'yan sa'o'i, mata 13 suka mutu daga wannan sansani da na kusa da shi.

Na biyu, tiyatar kan kasa. Cikin shekara 10, kimanin mata 18 cikin 1,000 sun sake ɗaukar ciki, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na waɗannan cikkuna a wajen mahaifa suka zauna, wato a cikin bututun, wanda idan ya fashe mace na iya mutuwa da zubar jini ta ciki. Don haka wadda aka yi wa aikin, idan ta ga ɓatan wata tare da ciwon mara, asibiti ya kamata ta nufa nan take. Macen da ba ta san an yi mata aikin ba, ko ba a gaya mata wannan ba, ba za ta san haɗarin da take ciki ba.

Na uku, akwai nadama. Cikin shekara 14, kashi 20 cikin 100 na matan da aka yi wa aikin suna da shekara 30 ko ƙasa sun yi nadama, alhali a cikin waɗanda suka haura 30 kashi 6 ne kawai. Sake aure da mutuwar yaro suna cikin manyan dalilai. Wannan ya fi nauyi a ƙasar Hausa, inda saki da sake aure suka yawaita, a kuma ƙasar da Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na 2018 ya nuna yara 132 cikin 1,000 na mutuwa kafin shekara biyar. Sake haɗa bututun aiki ne mai wuya da tsada, ba kuma kullum yake nasara ba.

Akwai kuma abubuwan da ake jingina wa tiyatar waɗanda bincike bai gaskata ba. Ba ta tsayar da haila, ba ta kawo tsufa da wuri, ba ta rage sha'awa, domin ma'ajiyar ƙwai na ci gaba da aikinta. Hasali ma an ga tana rage haɗarin dajin ma'ajiyar ƙwai. Sai dai ba ta kare mace daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa.

8.0 Harshe da Dangwale

Binciken 2018 ya nuna cewa macen Jihar Bauci kan haifi 'ya'ya 7.2 a matsakaici, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne, kuma matan auren Nijeriya da aka yi wa wannan tiyata ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Ke nan matsalar Arewa ba ta sansanonin tilas ba ce irin na Indiya ko Peru. Matsalar tana cikin 'yan mintocin nan da ake bayani a bakin ɗakin tiyata, da kalmomin da ake bayanin da su.

Kalmomin da suka fi yawo a bakin jama'a su ne juya mahaifa da ɗaure mahaifa. Dukkansu biyu na ɗauke da ma'anar da ta saɓa wa haƙiƙar aikin. Abin da aka juya ana iya juyo shi, abin da aka ɗaure ana iya kwance shi. Macen da aka ce za a ɗaure mata mahaifa tana iya ɗauka hutu za ta yi, ranar da ta shirya a kwance. Wata kuma takan rikita shi da cire mahaifa, ta zaci hailarta za ta ɗauke. Haka ma tsarin iyali da ƙayyade iyali da tazarar haihuwa ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke nuna aikin da ba ya warwaruwa. Bayanin da ya dace shi ne a ce mata ƙarara: za a yanke hanyar da ƙwai ke bi, kuma daga yau ba a sa ran za ki sake haihuwa har abada.

Doka ta riga ta tanadi wannan. A 2001 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Dokta John Okonkwo, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ransa na cikin haɗari. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ke akwai, da amfani da haɗari da kuɗin kowace, da 'yancinsa na ƙi, kuma gwargwadon iko da harshen da yake ji, tare da la'akari da iya karatunsa. Ƙungiyar Likitocin Mata ta Duniya a 2011, da Hukumar Lafiya ta Duniya tare da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014, sun bayyana cewa macen ce kaɗai ke da ikon ba da wannan yarda, kuma hana cikin da ba a ɗauka ba tukuna ba larurar gaggawa ba ce da za ta sa a tsallake ta. Wannan bai kore shawara da miji ba, wadda addini da al'ada da zaman lafiyar gida duk suke buƙata. Abin nufi shi ne sa hannun miji ba ya maye gurbin fahimtar matarsa, kuma dangwale a kan takardar Turanci shaida ce kawai cewa yatsa ya taɓa tawada.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa tiyata guda ce ta ceci matar Toledo a 1880 ta kuma zalunci 'yan gidan Relf a 1973, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai wuce sani da zaɓi ba. An kuma ga yadda abubuwan da suka faru a 1988 da 1996 da 2003 suka sa Bahaushe ɗari-ɗari da duk abin da ya shafi haihuwarsa, har macen da likita ya gaya wa gaskiya cewa wani cikin zai iya kashe ta takan ƙi yarda. Masu iya magana kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Saboda haka aikin ya rataya a wuyan ɓangarori biyu. Masana harshe su zauna da likitoci da ungozomomi da malaman addini su daidaita kalmar Hausa da za ta nuna dawwamar aikin, su kuma fassara takardar yarda zuwa Hausa, da boko da ajami. Ma'aikatan lafiya kuwa su matso da maganar baya, daga bakin ɗakin tiyata na asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa bencin awo na asibitoci irin na Ƙofar Ran. A can ne mace mai tarihin tiyata biyu ko uku ke da watanni a gabanta, ta ji bayani tana cikin hayyacinta, ta koma gida ta shawarci mijinta da mahaifiyarta da malaminta, sannan ta dawo da amsar da za ta iya zama da ita tsawon rayuwarta.